Oza Biyun Da Na Ɓoye Wa Ishaya

Kusan kowace Asabar sai ɗayanku ya tsaya a ƙofar shagon nan, waya a hannu, ya kalli itace yana juyawa a kan inji, ya ce min wai ai wannan aikin kwamfuta tana gama shi kafin shayi ya huce. Ba ƙarya kuka yi ba. Na ga irin injin da idona, ka danna masa lamba ya tofo maka sandar besbol sumul, ya sake tofo wata irinta sak, har ɗari in kana so. To ku zauna a bencin can, ku share garin katakon da hannu, ba ya cizo. Tunda kun ce aikin ba wuya, bari in ba ku labarin oza biyu kacal, nauyin ƙwan kaza guda, wanda ya kusa rufe min shago, ya kuma kusa raba wani yaro da wasan da ya ba wa ƙuruciyarsa gaba ɗaya.

Ni ɗan masassaƙa ne. A ƙauyenmu can ƙasar Ningi mahaifina ke yi wa gari turmi da taɓarya da ƙotar garma, ni kuma tun ina shekara bakwai nake danne masa itace yana sara da gizago. Akwai abin da yake yi wanda sai da na girma na gane shi. Idan manomi ya kawo garma a sake mata ƙota, Baba ba ya tambayarsa yadda yake so. Sai ya ja shi da hira, ya tambayi iyali, ya tambayi yabanya, alhali idonsa na kan tsohuwar ƙotar inda gumin hannu ya yi baƙi, da kan kafaɗar mutumin lokacin da yake ajiye garmar. In ya ga ƙarfi ya fara ja da baya, sai ya zaɓi itace mara nauyi, ya rage wa sabuwar ƙotar kaɗan, bai ce uffan ba. Mutumin ya je gona ya dawo yana yabon kansa, wai bana jikinsa ya dawo. Na taɓa tambayar Baba me zai hana ya gaya musu. Ya ce magidanci mai 'ya'ya goma ba a ce masa ya tsufa a gaban jama'a, aikin masassaƙi ne ya gani, ya gyara, ya kama bakinsa. Da wannan na taho Amurka, da gizagon Baba a ƙasan akwati.

Da na zo Greensboro aikin kamfanin kujeru na samu, shekara tara ina juya ƙafafun tebur daga safe zuwa la'asar. Ranar da suka rufe suka kwashe aikin zuwa ƙetare, wani tsohon Bature da muke layi ɗaya, Mista Odel, ya ce in biyo shi gidansa a Pleasant Garden in ga abin da yake yi a rumfar baya. Sandunan besbol yake yi wa 'yan wasan ƙananan ƙungiyoyi. Ni kuwa lokacin ko ta wane gefe ake gudu a wasan ban sani ba. Na ɗauki ɗaya na jujjuya ta, na ce a raina wannan ai taɓarya ce aka yi wa rowar itace.

Wata huɗu mutumin nan bai bar ni na taɓa inji ba, ni da na shekara tara a kan inji. Aikina in zauna gaban tarin gungumen itatuwan mefil da ash, in ɗauki kowanne in ɗora a sikeli, in ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa in saurara, in bi jijiyarsa da ido daga kai har gindi. Wanda jijiyarsa ta karkace ko da ƙanƙani, gefe. Ya koya min ɗiga tawada a jikin mefil in ga inda za ta bi. In ta miƙe, itacen zai jure. In ta kauce, ranar da ƙwallo ta same shi da kyau zai tsage biyu, ɓari ɗaya ya tashi kamar mashi ya nufi mai jifa. Raina ya ɓaci a watannin nan, ba zan ɓoye muku ba, har akwai ranar da na dire masa gungume a ƙasa na ɗauki mukullin motata. Washegari na dawo da kunyata. Ya nuna min tarin da haɓarsa.

Kayan aikin ga su nan a bango, ba su da yawa. Cizal mai baki kamar cokali na fitar da siffa, mai karkataccen baki na gyara fata, ma'aunin kauri mai ƙafa biyu, samfefa iri uku, sikeli, da ƙashin ƙafar sa. E, ƙashi, ku yi dariyarku. Daga sanmu na layya na cire shi shekarun baya. In an gama sanda da shi ake murza ta da ƙarfi har fatar itacen ta danne ta yi tauri, kafaɗarka kuma ta gaya maka ka yi aiki. Na ƙarshe su ne lambobin ƙarfen can da ake sa wa a wuta a ƙona a gindin sanda, tsawonta inci nawa, nauyinta oza nawa. Ku riƙe lambobin nan a ranku, a kansu na yi tuntuɓe.

Na san rabinku ƙwallon ƙafa kawai kuka sani, to ku saurara. Mai jifa yana wurgo ƙwallo da gudun da ya fi na motocin babbar hanya, mai sanda kuma ƙiftawar ido gare shi ya yanke shawara ya kai duka. A jikin sanda akwai wuri guda kusa da kai, faɗin tafin hannu, ni "ciki" nake ce masa. In ƙwallo ta sami nan, ko jinta ba ka yi a hannu, sai dai ka hango ta tana haye katanga. In ka makara da abin da bai kai ƙiftawa ba, sai ta same ka can kusa da hannu inda sandar take siririya, yatsu su ɗauki zugi, sanda ta karye. Kuma kowace ƙwallo tana barin tabonta a itace. Shi ya sa in an kawo min karyayyar sanda ba na kai ta shara, zama nake yi in karanta ta.

Da ido da gwiwa suka gaza wa Mista Odel, ya bar min injin da masu sayensa, na kama wannan shagon. Masu saye kuwa na ga iri-iri. Akwai likitoci da lauyoyin unguwar Irving Park masu saya wa ɗan shekara goma sandar da ta fi ƙarfinsa, burinsu dai a rubuta sunan yaro a jiki. Akwai tsofaffin ƙungiyar coci masu zuwa su cinye min awa guda da labarin ƙwallon da suka buga tun kafin a haife ku, su sayi ɗaya tak. Akwai wanda ya dawo min da sanda wai ba ta da sa'a. Na karɓa, na goge ta da tsumma, na ajiye kwana uku, na mayar masa ita ɗin dai. Har yau yana gode min.

Muciya ce ta kawo min Ishaya. Mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna ce, nas a gidan kula da tsofaffi, kuma ita ke jan zumuntar mata a cocinsu. Ta gaji da cokalin katakon kanti yana karye mata a cikin tuwo, aka ce mata akwai wani Bahaushe mai injin itace. Ta zo da ɗanta, shekararsa goma sha huɗu ya riga ya kere ta tsawo, a yi masa Hausa ya amsa da Turanci irin yadda kuke yi. Muna cikin maganar muciya ya ɗauki sandar manya daga kan kanta ya kaɗa ta sau ɗaya a tsakar shago. Ƙarar iskar na ji, ban ma ga dukan ba. Na ajiye muciyar na ce ya sake.

Daga ranar duk sandar itacen da ya riƙe daga hannuna ta fito. A makaranta da ta ƙarfe suke wasa, amma atisaye da wasannin bazara da tawa yake yi, har wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi ta sa shi a ƙananan matakanta yana hawa. Sai da na sha wahalar takardu kafin a yarda sandata ta shiga filin ƙwararru, kuma saboda shi na sha. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, duk wadda ta karye kada ya jefar, ya tara a kwali ya aiko min. Sandarsa inci talatin da huɗu ce, oza talatin da huɗu. Yawancin 'yan wasan yanzu ba sa ɗaukar irin wannan, sun fi son wadda ta fi ta sauƙi da oza biyu ko uku. Shi kuwa nan alfaharinsa yake. Abokan wasansa su ɗaga su ce wannan ai gungume ne, shi ya yi ta dariya. Har lambar ya sa aka rubuta masa a bayan riga.

Ranar da ƙungiyarsu ta zo wasa garin nan na rufe shago na sa babbar riga. Zuwansa na biyu gaban mai jifa ya sami ƙwallo a ciki, ƙarar ta fito tas, ƙwallo ta haye katanga ta haye allon talla ta faɗa wajen fili. Mama Rifkatu ta rangaɗa guɗa, Turawa suna waige. Ni kuma na miƙe ina riƙe da hulata ina gaya wa mutumin da ke kusa da ni cewa ni na yi sandar, alhali bai tambaye ni ba. Ishaya ya hau har mataki na ƙarshe kafin babbar gasa, saura taki ɗaya. Shekara uku yana bakin ƙofar nan yana jiran a kira shi.

Shekarar da ya cika talatin, kwalin farko ya iso da karyayyu biyar. Na jera su a benci. Tabon da a da yake taruwa a ciki wuri guda ya matso wajen hannu da faɗin yatsa ɗaya. Kwali na biyu karyayyu tara, tabo ya matso yatsa biyu. Ba sai an gaya min ba, hannu ya fara makara. Ba ciwo ya ji ba, ba kuma lalaci ba ne, yaron nan ya fi kowa atisaye. Shekaru ne kawai suka fara karɓar nasu. A waya kuwa cewa yake lafiya lau, sa'a ce ba ta zo ba tukuna, a ƙara masa dozin irin na kullum.

Kwana biyu ina juya maganar. In buɗe baki in ce wa yaron da lambar take bayan rigarsa ya rage nauyi? Sai Baba ya faɗo min a rai, da manomansa. Na shiga tari na zaɓi gungume masu ɗan sauƙi, na ƙara zurfin ɗan ramin da ake yi a kan sanda, na bar kaurin mariƙi yadda ya saba don kada tafinsa ya ji bambanci. Rabin oza na cire. Sannan na sa ƙarfe a wuta na buga talatin da huɗu. Dozin na gaba na cire wani rabin. Cikin wata huɗu na sauko da shi talatin da biyu, gindin sanda yana nan yana cewa talatin da huɗu. Kuma wallahi abin ya yi aiki. Tabo ya fara komawa ciki, ƙwallo ta koma haye katanga, ya kira ni yana dariya wai ƙarfinsa ya dawo, sandar ta zama kamar kara a hannunsa. Na ce Allah ya ƙara lafiya. Na ji daɗin kaina ranar nan ƙwarai, har na ce wa matata Hajiya a gida yau na yi aikin Baba.

Wani abokin wasansa ne ya ari sandar ya kaɗa, ya ce wannan ba ta kai yadda aka rubuta ba. Suka yi musu, musu ya yi zafi, aka ɗauko sikelin mai kula da kaya a ɗakin da 'yan wasa ke sa riguna, kowa yana kallo. Talatin da biyu. Aka ɗora ta biyu, aka ɗora ta uku. Abin da na yi don kada a ce masa ya tsufa a gaban jama'a, shi ya sa sikeli ya faɗa a gaban ƙungiya gaba ɗaya.

Da rana tsaka ya kira ni, ina kan inji. Tun da na san shi da Turanci yake amsa min, amma ranar da Hausa ya yi magana, irin Hausarku mai ɗingishi.

"Baba Sale, kai ma ka ce na ƙare?"

Na ce ban faɗa ba. Ya ce hannuna ya faɗa. Na fara yi masa bayanin ƙotar garma da manoman ƙauyenmu, ya katse ni ya ce shi ba manomi ba ne, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne wata huɗu yana murna da ƙarfin da ba nasa ba, ni kuma ina cewa Allah ya ƙara lafiya. Ya kashe waya.

Ya koma sayen sanda daga wani babban kamfani, talatin da huɗu ta gaskiya, don ya nuna wa kowa. Ya nuna kuwa. Ƙarshen kakar wasan nan sai dai a yi shiru, farkon ta gaba suka kira shi ofis suka ce ya kwashe kayansa.

Ni ma na sha tawa. Masu wannan sana'a ba su da yawa, magana ba ta daɗewa a hanya. Aka ce lambar mutumin Najeriyan nan ba ta da tabbas. Kocin wata jami'a da ya shekara shida yana saye a wurina ya daina ɗaukar wayata. Wani uba daga Irving Park ya shigo da sikelin kicin ɗin matarsa ya auna sandar ɗansa a gabana. Ta cika cif, amma ai ya auna, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. A shekarar ne kuma wani ƙwaro da ya bi itatuwan ash yana kashewa ya sa gungume mai kyau ya yi wuyar samu. Na koma juya sandunan makarin matakalar bene ga magina, da muciya da taɓarya ga matanmu. Wata takwas sandar besbol ɗaya ba ta hau injin nan ba, na rufe lambobin ƙarfen a gwangwani don kada in riƙa ganinsu.

Wata Juma'a bayan masallaci na tuƙa zuwa Pleasant Garden, na sami Mista Odel a kujerarsa a baranda, bargo a gwiwa. Na zayyane masa komai, ina jira ya ce yaron ne ba shi da godiya. Ya ce idona ya ga daidai, hannuna ya yi daidai, shi ma da oza biyun zai so yaron ya sauka. Na fara gyara zama. Sai ya tambaye ni ko ƙotar mahaifina tana da lamba a gindi. Na ce a'a, wa zai sa wa ƙota lamba.

Ya ce, "To mahaifinka shiru ya yi, Sale. Kai rubutawa ka yi."

Har na iso gida ban kunna rediyo ba. Gaskiya ce mai ɗaci. Baba bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, bakinsa kawai ya kama. Ni kuwa da hannuna na sa ƙarfe a wuta na ƙona ƙarya a itace, sanda arba'in da takwas.

Shekara biyu Ishaya bai tako shagon nan ba. A bakin mahaifiyarsa nake jin labarinsa, don ita ba ta taɓa fasa gaishe ni ba, ko Sallah ko Kirsimeti abinci yana ƙetarawa tsakanin gidajenmu yadda aka saba. Ya dawo gida, yana aikin lodi a wani sito a Wendover. Ran Lahadi in an tashi coci sai ya wuce wurin da inji ke wurgo ƙwallo, ya yi ta duka shi kaɗai har tafinsa ya yi kanta. Rannan sai ga ta da jaka. Ta fito da muciya uku da na yi mata cikin shekarun nan ta jera a benci, ta ce in ɗaga ta farko in ɗaga ta ƙarshe. Ban ɗaga ba, na san abin da na yi, ita ma nauyi na riƙa rage mata a ɓoye.

Ta ce, "Malam, kana tsammani ban sani ba? Tun ta biyu na ji a kafaɗata. Na gode maka a raina na yi shiru, don ni a gida aka haife ni. Shi a nan aka haife shi. 'Ya'yan nan sai an faɗa musu da baki."

Sannan ta gaya min abin da ya kawo ta. Wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta ta gayyace shi gwaji a watan Maris, kwana uku. Shekararsa talatin da uku, in wannan ta wuce ba wata. Kuma har yanzu da gungumen nasa yake fama. Ta ce ita za ta turo shi, ko da kuwa sai ta haɗa da fasto, sauran ya rage gare ni.

Wata Asabar ta Janairu ya shigo, jakar wasa a kafaɗa, ya gaishe ni a tsaye idonsa a kan bango. Ban jira ba. Na ce masa na yi masa ƙarya, lambar da na buga ba ita ba ce, ya yafe min. Ni da furfurata, a gaban yaron da na san shi tun muryarsa ba ta fashe ba. Ba daɗi, amma na faɗa, ban kuma haɗa da wani amma ba. Daga nan na sa tsani na sauko da kwalayen. Duk karyayyun da ya taɓa aiko min suna nan, kowacce da shekararta da fensir. Na jera su a ƙasa daga bakin ƙofa har gindin inji. Na ɗauki ta farko na nuna masa yadda ake karanta tabo, abin da ya kamata in koya masa tun yana sha huɗu. Na koma na zauna na bar shi.

Ya bi layin a hankali. Da ya iso shekarar talatin ya tsuguna, ya auna da yatsa ɗaya, ya matsa gaba ya auna da biyu. Ya iso na wata huɗun nan, ya ga tabo ya koma ciki. Ya daɗe a wurin. Sai ya zuge jakarsa ya fito da sandar kamfanin da yake duka da ita ran Lahadi, ya ajiye ta da kansa a ƙarshen layi. Tabonta ya kusa taɓa inda hannu yake.  Can ya tambaye ni, yana kallon ƙasa, nawa nake gani.

Na ce ni na daina zaɓar wa mutum a ɓoye, kuma yau ko a fili ba zan zaɓa ba. Na riga na juya sanduna biyar masu nauyi daban-daban, ba lamba a gindin ko ɗaya. Na ba shi su, na buɗe masa ƙofar baya inda nake da raga da ƙwallaye a bokiti. Awa ɗaya da rabi ina jin ƙarar daga ciki, ina yi kamar ina shara. Tun kafin ya shigo na san wadda ya ɗauka, kunnena ya gaya min. Ya shigo jiƙe da gumi cikin sanyin nan, ya ɗora ta a sikeli da hannunsa. Talatin da biyu, ba ƙari ba ragi. Ban yi murmushi ba, amma Allah ya sani na so.

Na buɗe gwangwanin na fito da lambobin, na sa uku da biyu a wuta. Da suka yi ja na miƙa masa mariƙin. Ya dube ni, na ce sandarsa ce, shi zai rubuta. Ukun ta fita daidai. Biyun kuwa ta fito a karkace, hayaƙi ya tashi. Ya ce in goge a sake. Na ce a bar ta haka.

Sun ɗauke shi a watan Maris. Kada ku ɗauka wani abin duniya ne, ƙaramar gasa ce, tafiyar bas ta awa takwas, ƙananan filaye, abokan wasan da suka girme ku da kaɗan suna ce masa tsoho. Na sama ba su kira ba tukuna. Shi ya ce suna kallo, ni kuma na ce Allah ya sa, don na ga waɗanda aka kira a shekarunsa, na ga da yawa da ba a kira ba. Masu sayena ma sun dawo, ba duka ba. Yanzu sikelin nan a kan kanta yake yana fuskantar ƙofa, duk wanda ya saya shi zai ɗora da kansa kafin in sa ƙarfe a wuta.

Watan jiya kwali ya iso, karyayya ɗaya tak a ciki. Ga ta can a saman injin. Kai mai cewa kwamfuta, ajiye wayar ka ɗauko ta. Sa tafin hannunka a kan tabon. Ka gani, ya rufe shi duka, ko ɗaya bai leƙo ba. Yanzu juya mariƙin ka karanta abin da ya rubuta a kan tef ɗin, in Hausarka ta kai. "Baba Sale, ka duba ka faɗa mini."

Na duba. Na kira shi na ce bana ba abin da zan cire. Ranar da za a cire kuwa, daga bakina zai fara ji.